Rakiya da Turmi a Ka

Magana biyu ake faɗi a kaina a garin Matameye, kuma na san dukanku kun ji su, ko da yake ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin tambayata. Wasu sun ce ni ce ɗiyar da ta kulle ubanta a ɗaki, ta hana shi ganin mutane. Wasu kuma sun ce ni ce na riƙa jan tsoho marar lafiya cikin rana, lungu-lungu, da turmi a kaina, har ransa ya fita. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, bakunan da suka faɗi ta farko su ne suka faɗi ta biyu, ko kurkurewa ba su tsaya sun yi ba. Yanzu haƙorana sun zube, waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga ni tafiya, sai na ga gara in faɗa a rubuta muku yadda aka yi, kada in mutu ku gaji ƙarya.

Abin ya faru tun Nasara ba su shigo ƙasar nan ba, lokacin da ayarin kanwa ke fitowa daga Manga, ya ratsa garinmu ya nufi Kano da Katsina. Kakanku, mahaifina, mai masaukin fatake ne. Fatoma kowa ke ce masa, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. A gidansa ake sauke jakai, shi ke ba da ɗaki da ruwa, shi ke nemo wa baƙi masu saye. Ba shi da wata dukiya ta a zo a gani. Suna yake da shi, sunan kuwa da ƙafarsa ya samo shi, domin Baba bai taɓa sallamar baƙo daga zaune ba. Ko wuta ka shigo ɗiba, sai ya taka maka zuwa ƙofar zaure. In daga wata unguwa kake, sai ya kai ka bakin kasuwa. In kuwa baƙon nesa ne kai, to sai gindin tsamiyar da ke bayan gari a kan hanyar Tsauni, nan zai tsaya ya yi maka addu'a, ba ya juyowa sai ka ɓace wa idonsa. Har yau in mutum ya cika naci a garin nan, za ku ji tsofaffi sun ce rakiyar Fatoma gare shi.

Sunan mahaifiyarsa ya sa mini, shi ya sa Uwani yake kirana. A shekarar da nake ba ku labari ina gidan mahaifinku a Dawce, ina goyon yayanku Ilu. Innata ta rasu tun ina budurwa, wana ya bi fatake yamma ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ba kowa a gidan sai Baba da yayarsa, Gwaggo Yalwa, wadda ta dawo zama wurinsa bayan mutuwar mijinta. Ana tsakiyar bazara aka aiko mini cewa Baba ba ya jin daɗin jikinsa. Haka ɗan aiken ya ce, ba ya jin daɗin jikinsa, sai ka ce mura ce. Na saɓa goyo na taho. Na iske zaure cike da mutane, shi kuma yana tsakiya a kan buzu, ƙafafunsa sun kumbura har fatar na ƙyalli, leɓɓansa sun yi duhu, yana jan numfashi kamar wanda ya gudo daga daji. Da ya gan ni sai ya dafa bango zai miƙe.

"Uwani, wa ya taso ki cikin wannan rana? Ai da sauƙi."

"Baba, wannan ne sauƙin?"

"Jiya ya fi haka. Tambayi Gwaggonki ki ji."

Gwaggo ta ce ƙwarai kuwa, da sauƙi, Allah dai shi ƙara. Mutanen zaure duka suka amsa da amin. Ni kaɗai na tsaya kamar wata bare, ina kallon ƙafar da in ka danna ta da yatsa ramin yake daɗewa bai cike ba.

Wannan kalma ta da sauƙi, ban san iyakar mutanen da ta kai kabari ba. Mutum na shure-shuren mutuwa a tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Mai jinya ta ce da sauƙi. Mai dubiya ya fita ya gaya wa gari da sauƙi, gari kuma ya ce tunda da sauƙi bari mu je mu gaishe shi. Haka aka yi ta yi mana. Tun hantsi har faɗuwar rana zaure ba ya rabuwa da mutane, kuma ba mai zuwa hannu rabbana. Garinmu garin kanwa ne, mutanenmu kuma sun yi imani babu ciwon da kanwa ba ta magani, daga ciwon ciki har ciwon jaki. Wannan ta aiko da kunun kanwa, wancan ya kawo jiƙon kanwa da sassaƙe, fatake su ɓallo masa kanwar ungurnu mai kyau daga cikin kayansu su ce ya riƙa tsotsa. Ga tuwo da miyar da aka zabga wa gishirin manda don bakin marar lafiya ya ji ɗanɗano, ga kilishi. Baba kuwa ba zai bar akushi ya koma gidan mai shi a cike ba, wai cin fuska ne. Sai ya ci na kowa, ya sha na kowa. In sun tashi tafiya kuma, ya dafa bango ya miƙe, ya ja ƙafafun nan ya raka su. Su kuma suna ta cewa haba Fatoma, yi zamanka, yi zamanka, amma suna rage sauri don ya cim musu, domin ba wanda yake so a ce shi ne wanda Fatoma bai raka ba.

In ya dawo sai ya zube a bakin ƙofa, gumi na tsattsafo masa, ƙirjinsa na bugawa har ana ganin rigarsa na motsi. Nan Gwaggo za ta zo da nata ilimin, ta ce a kwantar da shi. Ita a wurinta marar lafiya kwanciya yake yi, zama na masu lafiya ne, in baƙo ya iske shi a jingine sai a ce gidan ba a san jinya ba. Da an miƙar da shi rigingine sai numfashi ya sarƙe, ya hau tari, idanunsa su firfito, ya riƙa kamo iska da hannu. In tashe shi zaune, ta dawo ta kwantar, in tashe shi, ta kwantar, mun mai da tsoho kamar tabarmar aro. Rannan na tafi rijiya, kafin in dawo ta kira wanzami ya yi masa tsaga a ƙafafu duka biyu, wai ruwan ya fita. Ruwa ya fita kam, ya yi ta tsiyaya yana jiƙa buzu, amma kumburi bai saɓe ba, tsagar kuma ta ƙi warkewa. Ban ga laifin wanzami ba, abin da ya gada ya yi. Sai dai shi ya wanke askarsa ya tafi gida, ni aka bari da miki.

Ba wanda ya koya mini jinyar irin wannan ciwo. Jiki magayi, jikin Baba ne ya riƙa gaya mini. Na cika taiki da ƙaiƙayi na jingina shi da bango, ya zama a zaune yake barci, kansa a sama. Da rana in ɗora dugadugansa a kan kifaffen akushi, amma ba can sama ba, don na lura in ƙafa ta yi tudu da yawa ƙirji ne ke cika. Mikin in wanke shi da ruwan bagaruwa mai ɗumi, in shafa zuma, in naɗe da tsumma mai tsabta, gefe-gefen da fata ta bushe in murza man kaɗe a hankali. In riƙa juya shi kada mazaunansa su saluɓe. Ni ke fitar da kaskon fitsarinsa, abin da ya fi komai yi masa nauyi, har yakan kau da kai ya rufe ido in na shigo ɗauka. Daga kaskon nan ma na koyi abu: ranar da ya cika, ƙafa kan yi laushi, ranar da ya zo da ɗan kaɗan mai duhu, na san akwai aiki a gabana. Duk wannan da goyo a bayana nake yi, ga daka, ga ruwa, ga abincin fataken da suka rage a gidan.

Sai Allah ya saukar da ruwan shuka. Gari ya watse gona, daga shuka aka faɗa noman fari, ba mai lokacin dubiya. Zaure ya yi tsit, akusa suka daina shigowa. Mandarmu ma ta ƙare, ni kuwa ban samu sararin zuwa kasuwa ba, sai na riƙa ba shi fura da kunun tsamiya da ɗan tuwo da miya lami, da ruwan zoɓo in ya ji ƙishi. Yana ci yana mita, wai ko fursunan yaƙi an fi kyautata masa. Kafin a gama noman fari sai ga idon sawunsa ya fito. Wallahi na manta Baba yana da idon sawu. Fatar ƙafar ta yi yamutsa-yamutsa, mikin ya fara haɗewa, ya riƙa kai ƙarshen magana ba tare da ya tsaya neman numfashi a tsakiya ba. Na yi murna har na yi kuka a bayan rumbu. Da aka sami sararin noma kuwa, sai ga su sun dawo garke guda, sun ji an ce Fatoma ya samu sauƙi, kowa da akushinsa, kowa na cewa jiƙonsa ne ya yi aiki. Aka koma gidan jiya, ci da sha da rakiya. Ba a jima ba ƙafa ta koma yadda take, har kumburin ya haura gwiwa.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Na ga abin da ke tayar da ciwon, na ga abin da ke kwantar da shi. Da safe na jawo ƙyauren zaure, wanda tun da aka haife ni ban taɓa ganin an rufe shi da rana ba, na rufe, na tokare da taɓarya. Gwaggo ta fito daga ɗaki tana ɗaura zane.

"Ke, wa ya mutu kike rufe ƙofa?"

"Don kada a mutu na rufe, Gwaggo."

"Zauren Fatoma? Da rana tsaka? Ke ɗiyar nan, kina da hankali kuwa? Zumunta a ƙafa take, so kike a ce mun yanke ta?"

"Ƙafar ce ta kumbura, Gwaggo. In ta saɓe a ci gaba."

Ta tafa hannu ta yi salati, ta ce ita dai ba da ita ba, ta fice ta ƙofar baya. Kafin azahar duk unguwa ta ji cewa na kulle ubana.

Na sha baƙar magana a bakin ƙyauren nan. Dattawan da suka goya ni suna sallama, ina amsawa daga ciki, in ce yana hutawa, Allah shi ba da lada. Wasu su tafi shiru, wasu su tsaya su gaya mini asalina. Wata tsohuwa ta ajiye ƙwaryar kununta a ƙofa ta ce in ban kai masa ba Allah ya isa, na ɗauka na ba akuya. Aka ce gado nake so in ci, ni da ban ga abin gado ba sai buzu da bashin gaisuwa. Aka ce asiri aka yi masa da hannuna. Magana ta kai Dawce, dangin mahaifinku suka aiko in koma, na ce ba zan bar shi a hannun masu kanwa ba. Sai suka aiko kakarku ta wajen uba ta karɓi Ilu, wai lokacin yaye ya yi, ɗansu ba zai tashi a gidan da ake rufe ƙofa ba. Na kwance goyo na miƙa. Ilu, in kana jin wannan, ka sani ba yar da kai na yi ba kamar yadda aka gaya maka. Nonona ya yi ta zuba yana jiƙa mini zane ina wanke ƙafar Baba, ban kuma sake ganinka ba sai da kana gudu da ƙafarka, ka ɓuya a bayan kakarka don ba ka san ni ba. Wannan har yau yana yi mini ciwo.

Amma jiki ya yi kyau. Wannan ba mai iya musa mini. Kafin gero ya fitar da kai miki ya warke, kumburi ya sauka, Baba na zuwa bayan gida da kansa, yana alwala da kansa. Na ce to, na ci nasara, masu magana su ci kansu. Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne, mutumin ya daina magana. Da farko faɗa yake yi mini, ya ce tun da ya sa mini sunan uwarsa na ɗauka da gaske ni na haife shi. Faɗan nan daɗi yake yi mini. Daga baya faɗan ya ƙare. Sai ya zauna jingine da taikinsa, fuska ga bango. In ya ji sallama a waje sai ya ɗaga kai, in ya ji na sallami mai ita sai ya mayar. Da kaka ta yi, ayari ya fara shigowa, fatake suka iske ƙofa a rufe suka wuce gidan wani. Yana jin kukan jakai da ƙarar ƙafafunsu suna wuce ƙofarsa. Furar ma ya koma sai ya kurɓa sau ɗaya ya ture ƙwaryar. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce Baba duk wahalar nan don wa nake yi? Ya mayar da fuska ga bango. Ga ƙafa lafiya lau, ga mutum yana ƙarewa a gabana, na rasa inda zan sa kaina don takaici.

Ana haka Madugu Jatau ya iso. Shi ne babban aminin Baba, tun suna samari yake sauka a gidanmu duk shekara in ya fito da ayari. Ya yi sallama da muryar nan tasa mai kama da tsawa, na je bakin ƙyaure na gaya masa abin da nake gaya wa kowa.

"Uwani, ni ne fa, Jatau. Ni na kawo goron sunanki."

"Na sani, Baba Madugu. Ka yi haƙuri. In na buɗe maka, na buɗe wa gari."

"To ki gaya masa na zo. Ki ce masa ban sauka gidan kowa ba, a bayan gari na kwance kaya. Gobe in Allah ya kai mu zan wuce."

Ban kai ga amsawa ba sai na ji numfashi a bayana. Na waiga, ga Baba tsaye a tsakiyar zaure, ya sa babbar rigarsa, ya naɗa rawani a karkace. Rabon da in gan shi da rawani tun kafin ruwa ya sauka.

"Cire taɓaryar nan."

"Baba, ka san abin da zai biyo baya. Ka ga ƙafarka da idonka."

"Na gani. Kin yi gaskiya, kanwa ce, tafiya ce, ban musa miki ba. Kanwar na bar miki, ko gishiri kada ki sake sa mini har in mutu. Akushin kowa ki karɓa ki ba akuyarki. Amma ƙofata za ta buɗe, kuma wanda ya shigo zan raka shi."

"Rakiyar ce za ta kashe ka!"

"To ai gara ta kashe ni da in zauna nan ina jin baƙona yana kwance kaya a daji. Uwani, ke ƙafa kike jinya. Ni fa?"

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa a lokacin nan ba. Na ba da ɗana, na ba da sunana, na sha zagi damina guda, shi kuma ga abin da zai saka mini da shi. Hali zanen dutse. Na fizge taɓaryar na yi jifa da ita, har ta fasa tulu. Madugu ya shigo, suka rungume juna, tsofaffi biyu suna kuka kamar yara. Suka zauna suka yi ta hira har la'asar, ina jin dariyar Baba daga madafa, ni kuwa ina daka ina zage-zage a cikina. Ya shanye fura ƙwarya guda a ranar.

Da Madugu ya tashi tafiya, Baba ya miƙe. Na san ba bakin zaure zai tsaya ba, tsamiya zai je, kuma na san ƙirjin nan ba zai kai shi ko bakin kasuwa a tsaye ba. In ya zauna a ƙasa kuma tashi ya zama aiki. Kujerar mata ta yi ƙasa da yawa. Na duba tsakar gida, idona ya faɗa kan ƙaramin turmin da nake dakan yaji. Na zazzage shi, na naɗa gammo, na ɗora a ka, na bi bayansu. Baba ya waigo.

"Ina za ki da turmi?"

"Rakiya. Ba ita kake so ba? Duk inda na ce zauna, ka zauna. In ka ƙi, wallahi a tsakiyar kasuwa zan kwanta in yi ta ihu."

Madugu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Fatoma, wannan uwarka ce ta dawo, ka bi ta a hankali. Haka muka tafi. Ina bayansa ina sauraron numfashinsa, da na ji ya fara sarƙewa sai in sauke turmi in kife, in ce zauna. Ya zauna, su ci gaba da hira, in ga leɓɓansa sun washe, in ce tashi. Mutane suka fito ƙofar gidajensu suna kallo. Gwaggo ta hango mu daga gidan maƙwabta ta ɗora hannu a ka, ta ce yau ta ga abin da ya isa, ƙanenta a kan turmi a bainar jama'a sai ka ce amarya za a yi wa wanka. Tafiyar da yaro ke yi kafin ruwa ya tafasa, mu sai da rana ta yi ja muka isa tsamiya. Ya tsaya da ƙafarsa ya yi wa Madugu addu'a, bai juyo ba sai da Madugu ya shige cikin ayarinsa. A hanyar dawowa ya ce mini turmin yana da yaji, mazaunansa na zafi. Na ce ya gode Allah ba na barkono zalla ba ne.

Daga ranar haka muka zauna, rani guda cur. Ƙofa a buɗe, akusa na shigowa ina karɓa da godiya ina juye wa akuya, har ta yi ƙiba ta haifi biyu. Shi kuma ya cika alkawari, gishiri bai sake taɓa harshensa ba. Amma duk wanda ya shigo sai an raka shi, ni kuma ina baya da turmi. Mai aron fartanya a raka shi, mai neman ɓatacciyar kaza a raka shi. Wasu ma na rantse don su ga turmin suke zuwa. Tsakiyar kaina gashi ya zube, har yau in kun duba wurin a sanƙo yake. Mutanen da suka ce na kulle shi, su ne yanzu suke cewa ina wahalar da tsoho cikin rana, ba ni da tausayi. Na daina amsa musu, don bakina ya gaji. Kuma ina gani kumburin na dawowa a hankali, daga idon sawu ya hau ƙwauri, zangon da muke yi tsakanin zama da zama yana raguwa. Tsamiya ta gagara, muka koma bakin kasuwa, bakin kasuwa ya gagara, muka koma kan lungu. Na sani, ya sani, ba wanda ya ce da wani komai. In ana tambayarsa jiki ya ce da sauƙi, har ni ma wata rana na ji bakina ya faɗa.

Ba a hanya ya mutu ba, wannan ku riƙe shi da kyau. A zaurensa ya cika, da hantsi, ana gab da faɗuwar ruwa, yana jingine da taikinsa, mutane kewaye da shi ana gardama a kan wani jaki mai cizo. Ina durƙushe ina shafa masa man kaɗe a ƙafa, sai na ji ƙafar ta saki a hannuna. Da na bar ƙofa a rufe da wataƙila ya ƙara shekara, wataƙila kuma da bai kai ƙarshen kakar nan ba. Na juya wannan a raina har na tsufa, ban samu amsa ba, kuma ban yarda wani wanda bai taɓa fitar da kaskonsa ba ya ba ni ita.

Aka yi masa wanka, aka miƙar da shi rigingine, ba tari, ba kamun iska. Gari ya cika ƙofar gida har lungu ya toshe, daga Tsauni da Ɗan Barto ma an zo. Da na ji an ce a ɗauka, ban san lokacin da na miƙe ba. Hannuna da kansa ya naɗa gammo, ƙafata ta bi bayan makara har cikin zaure, don rani guda ke nan in Baba ya fita ina bayansa. A bakin ƙyaure Gwaggo ta riƙe mini hannu. Ba da faɗa ba, idonta ma a jiƙe yake.

"Ina za ki, Uwani? Mata ba su rakiyar gawa."

Duk suna cikin sahu, masu kunun kanwa da masu jiƙo da wanzami da waɗanda suka zage ni ta bayan ƙyaure, kowa na ture wani don ya sa kafaɗa. Suka bi da shi ta bakin kasuwa, suka nufi bayan gari. Ni na tsaya a zaure da gammo a hannuna har na daina jin ƙafafunsu.